Lefen da Ya Tafi Karatu

Matso kusa da ni, kar ka tsaya can bakin ƙofa, don maganar nan ta cikin gida ce, kuma wasu daga cikin waɗanda suka yi ta suna nan Madarumfa da ransu, kunnensu ma garau. Labarin akwatin ƙanena zan ba ka, autan Innarmu, wanda ya tafi karatu Maroko a shekarun nan da jami'ar Yamai ta fi zama a rufe bisa a buɗe.

Ni ban daɗe a lakwal ba, wato makarantar boko, kuma tafiya ba ta dame ni ba. Ko Maradi sai ciwo ke kai ni. Gidan aurena yana bayan gidanmu, don haka kusan kullum a gindin murhun Inna nake wuni. Abin da aka faɗa a tsakar gidan nan, ko aka jefo ta bisa katanga, ba ya wuce ni.

Da Auta ya ci bak, jarrabawar ƙare sakandare, aka ba shi gurbin karatu, wani mushensa, wato malaminsa na sakandare, da ya taɓa shiga jirgin sama ya zaunar da shi ya yi masa bayanin kaya. Ya ce balis ɗaya tak, wato akwatin tafiya, marar nauyi, mai makulli, domin masu jirgi aunawa suke yi, abin da ya haura ba su ɗauka. Auta ya dawo ya karanta wa Inna wannan kamar mai biya allo. Inna ta ce ta ji.

To mu a gidanmu namiji da buhu yake tafiya. Marigayi Babanmu duk ci-ranin da ya yi a Kurmi, buhun taki ne aka wanke aka ɗinka masa igiya. Kowa a unguwa ya san buhun nan. Muna tsaka da tankaɗe sai muryar maƙwabciyarmu mai fura, wadda muke ce wa Gwaggo, ta hauro katanga.

"Barka, barka! An ce ɗan boko za shi ƙasar Larabawa. Sai a hiddo buhun Malam a wanke tun da sauran rana."

Na ga yadda Inna ta buga rariyar. Tun rasuwar Baba take riƙe da gidan nan da kunun sayarwa da ɗan lambunta na bakin tafki, kuma abu ɗaya ne ba ta iya haɗiyewa, a yi dariyar ɗanta a unguwa. Washegari ta kwance tunkiyarta don a sayar, ta aika a kira Kawu.

Kawu yayanta ne, ɗan kasuwa a Ɗan Issa, mai tsallakawa Jibiya da Katsina kamar mai zuwa bayan gida. Inna ta ce masa, "Alhaji, akwati nika so. Wanda ya hi kowane kyau. Wanda in an gani za a yi shiru."

Auta ya sa baki. "Kawu, ɗaya dai, marar nauyi. Jirgi awo shika yi."

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Kai, yaro, ni za ka koya wa jirgi? Jirgin da ya ɗauko mu daga Makka da tabarmi da butoci da jarkokin zamzam, shi ne akwatinka zai ba wahala?"

Abin da ba wanda ya tuna a cikinmu shi ne, a kasuwanninmu akwati mai kyau aiki ɗaya yake yi. Namiji ba ya saye don kansa. Sai za a haɗa lefe ake nemansa, kuma saiti ake sayarwa, babba da mai bi masa har zuwa ɗan ƙarami. Kawu kuwa lokacin nasa auren, mata ne suka haɗa kaya a kwalla, bai san an ci gaba ba. Shi da bakinsa ya gaya mana cewa mai shagon ya tambaye shi, "Alhaji, ɗiyar wa za a ɗauko?" shi kuma ya ce, "Na babban mutum ne, miƙo mai tsadar."

Da ma akwatunan nan a cikin juna suke zuwa, ƙarami a cikin babba. Da ya bar su haka, da magana ta ƙare. Amma Inna ta ce a gani a yi shiru, Kawu kuwa ba ya yin aiki rabi. Yana sauka tasha ya zazzage su, ya jera su bisa amalanken jaki ɗaya kan ɗaya, su biyar, jajaye masu furanni, bakinsu ruwan zinariya, ɗan ƙaramin a can ƙoli. Ya zaɓi bayan la'asar, lokacin da mata ke dawowa daga lambu, ya kuma bi da su ta doguwar hanya.

Ina cikin gida na ji guɗa. Na ce wa ya haihu? Kafin in yafa zane guɗar ta iso zaurenmu. Mata sun cika tsakar gida, Gwaggo a gaba, tana taɓa furannin.

"Ashe haka kuke? Biki a gida ba ku hwaɗa wa maƙwabta? Ɗiyar wane gida ce?"

Inna ta ce, "Wane biki? Na karatu ne."

Gwaggo ta ɗaga murfin ƙaramin. A cikin murfin akwai madubi, da 'yan aljifai na sa kwalli da jan baki. Ta juya shi ta nuna wa mata.

"To, ku gani. Na karatu ne. Nan zai riƙa duba darasi."

Auta ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Kawu yana tsaye yana karɓar barka, don shi a zatonsa akwatunan ake yabo.

Kwanakin farko ma daɗi muka ji. Gidajen da ba su taɓa aiko mana da ko gishiri ba suka fara aiko da kwanon tuwo, kuma kowane kwano budurwa ce ke kawo shi, ta ci kwalliya, ta durƙusa ta gaida Inna har ƙasa. Kifin tafki kuwa mun ci shi soyayye, mun ci shi a miya. Inna tana ta rantsuwa ba aure, ana ta ce mata, "Haka ne, Inna, ɓoyo yana da kyau."

Sai dai lefe ba ya kwana da yawa a gidan ango. Ana kawo shi, mata su haɗa, a kai. Namu ya zauna. Kwanukan tuwo suka ja baya. Ran nan ina bakin rijiya na ji abin da ya sa na bar gugana a ciki: wai an kai kayan a ɓoye, an maido.

Kai da ba ɗan garinmu ba, sai in gaya maka, a maido wa namiji lefe ba ƙaramin abu ba ne. Ba a tambayar me ya faru, sai dai a tambayi me ke gare shi. Wasu suka ce boko ya taɓa masa kai. Wasu suka ce an bincika asali. Wata mata can wajen kasuwa, wadda ɗiyarta ko gaisawa ba su taɓa yi da Auta ba, ta riƙa gaya wa mutane cewa ita ce ta ƙi, don ba ta ba da ɗiya ga wanda zai ajiye ta ya hau jirgi.

Da na kawo wa Inna labarin ta zauna bisa turmi. Ta ce, "Da buhun na wanke."

Aka sake kiran Kawu. Inna ta ce ya mai da su. Ya ce mai shago ba ya karɓa, kuma in aka ga sun koma ta hanyar Ɗan Issa, ai an sa hannu a kan maganar ke nan. Na ce to a ba ni huɗu, Auta ya ɗauki ɗaya.

Inna ta ce, "Ke da 'ya'yanki uku za ki jera lehe a ɗaki? Su ce an rasa mai karɓa an juye wa yayarsa?"

Auta ya ce, "Inna, ku bar su ƙarƙashin gado mana. Ni nan da 'yan kwanaki na tahi, mi ya dame ni?"

"Kai ka tahi. Ni ina nan. Duk wadda ta shigo eban wuta sai ta leƙa ƙarƙashin gadon nan. Tun da na ce na karatu ne, karatu za su. Duka."

"Jirgi ɗaya shika ɗauka!"

Nan Kawu ya yi gyaran murya, ya ce ai ɗaya ne. In an mai da su cikin juna, wa zai ce ba ɗaya ba ne? Ya faɗi haka yana kallonmu kamar ya gano rijiya a daji.

Maigidana ya aro sikelin rataye wurin masu awon wake, muka ɗaura shi a reshen bedin tsakar gida, itacen da wasu ke ce wa dogon yaro. Aka zuba akwatunan cikin juna, ba ko tsinke a ciki, aka rataya. Allurar ta tafi, ta tafi, ta tsaya dab da inda mushe ya ce kar a wuce. Wurin zuba kaya kuma bai rage ba sai cikin ɗan ƙaramin mai madubi.

Auta ya dubi tulin da aka tara masa a tabarma. Ga bargo, ga rigar sanyi ta gwanjo, ga littattafai, ga kilishi da ƙuli-ƙuli da yaji da bandar kifi da dangi suka aiko daga Safo. Ya ce, "Yaya, ki yi mata magana. Can sanyi ake yi na gaske."

Na yi mata. Ta ce sanyi a jiki yake tsayawa, a sa riga ya wuce. Ta ce abin da bai shiga akwati ba ya shiga jikinsa, tun da ba a ce ana auna mutum ba.

Haka aka yi. Ranar tafiya da hantsi, ga zafin ƙarshen damina, Auta ya fito da riguna a kan riguna, rigar sanyi a sama, bargo a kafaɗa, littattafai a hammata, gumi yana bin gemunsa. Inna ta hana a haɗe akwatunan a gida. Ta ce in aka ga ɗaya ya fita za a ce huɗu na ciki. Aka sake jera su bisa amalanke kamar ranar da suka zo, Kawu zai haɗe su in an isa tashar Maradi. Ta ɗage labulen ɗakinta, ta ja gadon tsakiya wai shara take yi, don duk mai ido ya ga ƙarƙashinsa.

Unguwa ta fito. Ba guɗa wannan karon. Aka yi addu'a, aka shafa, jaki ya ja. Auta ya waiwayo ya ce mini, "Yaya, ki ci kilishin, kar ki ba Kawu." Muka bi su da ido har suka sha kwanar masallaci. Na saci kallon Inna, na ga ta miƙe wuya, don ta ga an yi shirun da ta saya.

Gwaggo ce ta fasa shi. Ta tafa hannu a hankali.

"Allah sarki! Mu muna ta zargin 'yan matan gari. Ashe can za a kai. Balarabiya ce!"

Mata suka ɗauka, kowa na cewa ai da ma ta yi zato. Na jira Inna ta yi rantsuwar da ta saba. Ta tsaya tana aunawa, ina ganin awon a fuskarta. Ɗan da aka maido wa lefe a Madarumfa, da ɗan da ya ɗauki lefe a jirgin sama ya kai ƙasar Larabawa. Sai ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "Ku dai taya mu da addu'a."

Guɗar da aka yi ta fi ta farko.

Da kowa ya watse muka zauna mu biyu muna cin ƙuli-ƙulin da bai samu wuri ba. Inna ta daɗe tana tauna guda ɗaya. Can ta ce, ba ta dube ni ba, "Ke, yaron nan na can shi kaɗai, ba uwa ba yaya, ga saiti cikakke a hannunsa har da madubi. In wata ta gani fa?"

Na ce, "Inna, ai ke kika ce a yi addu'a."

Ta jefe ni da ƙuli-ƙulin.

To kai da ka ji duka, da kai ne a tsaye inda Inna ta tsaya ranar nan, unguwa ta zuba maka ido, me za ka ce wa Gwaggo?