Sandar Ƙarfen Jirgin Baturen Gona

Lokacin da nake masinja a Wurno, zamanin Turawa, Baturen gona da nake yi wa aiki ya sa aka kawo masa ɗan jirgin ruwa cikin lori daga Sakkwato. Ba a tura shi da gora kamar kwalekwalen masunta. Itace ne tsaye a tsakiyarsa, an rataya masa farin ƙyalle da zai ishi gida guda riguna, iska ke kora shi. Masunta suka zo suka kewaye shi, suka ce wanda ya ƙago wannan rago ne.

Duk Lahadi, in ruwan Rima ya cika fadama, sai Bature ya shiga, ni ma in shiga. Aikina in zauna gefen da ya ɗaga don kada jirgin ya kife. Buhun gero zai iya aikin, sai dai buhu ba ya jin "koma can". Ni kuwa ban iya ruwa ba. Na faɗa masa, ya ce ai ba iyo ya ɗauke ni ba.

A bayan jirgin akwai sandar ƙarfe a kwance, an kafe bakinta biyu ga katako da kusoshi. Jikinta akwai zobe mai zamewa dama da hagu, igiyar ƙyallen kuma a zoben take ɗaure. Iska ta ja ƙyalle, ƙyalle ya ja igiya, igiya ta ja zobe, zobe ya ja sanda. Wata Lahadi na lura bakin sandar na dama yana rawa kamar haƙorin tsohuwa, don katakon ya ruɓe a gindin kusoshin. Ran da ta fice, ƙyallen zai saki, jirgin ya faɗo gefen da nake, in tafi ƙasan ruwa da jar hulata.

Bature ya ce in nemo maƙeri. Maƙerin unguwarmu taubashina ne, ɗan gwaggona, tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba.

"Bawana, mi ya kawo ka?" in ji shi.

"Ubangidanka ya zo da aiki. Ɗauko masaba."

A bakin ruwa na tsara masa yadda za a yi. Da farko a cire sandar. Bayan haka a sassaƙe ruɓaɓɓen katako, a sa sabo. Sannan a ƙera dogayen kusoshi. Ya saurare ni yana sakace. Da na gama ya fere ɗan itace ya cusa a ramin, ya mayar da tsofaffin kusoshin, ya ɗaure da ƙirin fata kamar mai gyaran ƙotar kalme.

Na ce, "Wanga ba ya riƙewa."

"Ya riƙe. In bai riƙe ba, jar hular ga ta yi min daidai. Mi kake tsoro? Kifi ba ya cin masinja, ɗaci gare ku."

Na tafi wajen Bature, mutum mai son jin al'adun ƙasa kamar yaro da tatsuniya. Na ce, "Ranka ya daɗe, a nan maƙeri ba ya sallama aiki sai ya fara gwada shi da jikinsa." A ranar aka haifi wannan al'ada. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce to maƙerin ya zo ran Lahadi ya zauna cikin jirgin a maimakona.

Da na kai saƙon, taubashina ya ajiye awartaki.

"Cikin ruwa? Ni? Mu mutanen wuta ne!"

"Ai ya riƙe. Kai ka ce."

Kafin in juya ya kwashi kayansa ya nufi bakin ruwa. Ya cire sandar. Ya sassaƙe ruɓar, ya dasa guntun icen ƙirya. Ya ƙera kusoshi masu ratsa katakon su fito ta ƙasa, ya sa musu farantin ƙarfe, ya daddaƙe bakunansu. Har bakin hagu da ba abin da ya same shi ya sake. Ya goge tsatsar sandar da yashi, ya shafa wa zoben man shanu, sannan ya taka gefen jirgin ya ja da hannu biyu har jijiyar wuyansa ta fito.

Ran Lahadi ya iso da layu a damtse da ƙaton goran masunta ɗaure a ciki. Yana salati aka tura su shi da Bature. Mutum ne mai jiki, ya ninka ni. Iska ta taso da ƙarfi, zoben ya zame daga wannan baki zuwa wancan, sandar ko motsi, jirgin kuma ya tafi daram bai karkace ba. Ina daga tudu riƙe da dokin Bature, ina jin muryar taubashina yana kiran sunan gwaggo.

Da suka fito Bature yana ta dariya. Ya ce bai taɓa jin daɗin jirgin kamar yau ba, in gaya wa maƙerin daga yanzu shi zai riƙa zama duk Lahadi, ni in tsare doki.

Taubashina ya dube ni. "Mi ya ce?"

Na gyara tsayuwa, na fassara masa duka a hankali, ban rage ko kalma ɗaya ba.