Jan Fenti a Katangar Yoshuwa

Shekara talatin da ɗaya Yoshuwa ya yi yana wankin zannuwan gado a asibitin mishan, har sabulu ya cinye masa fatar hannu. Da ya ajiye aiki sai ya zauna gidansa a Unguwar Tsamiya, can bakin gari ta wajen hanyar Buza. Gida ne mai faɗi irin na da: ɗakuna a jere, rumbu biyu, garken awaki, ga fili inda matarsa Lai'atu ke shanya albasa. Ba gadonsa ya yi ba. Sa'ad da ya zo daga Tamaske yana saurayi, wurin geza ce da ƙaya, shi da maƙwabcinsa Malam Sufyanu suka sassare da hannunsu.

Bara waccan, bayan girbi, wasu ma'aikata suka zo da ma'auni mai ƙafa uku, suka yi ta leƙe-leƙe suna shafa jan fenti a katangu. Suka ce lotisma za a yi, wato sabon tsarin filaye. Gari ya cika, don haka za a fitar da hanyoyi, a yanka manyan gidaje ƙanana-ƙanana, kowane mai gida a bar masa fili ɗaya, saura a raba wa marasa wurin zama.

Fentin ya raba gidan Yoshuwa gida uku. Na Malam Sufyanu kuwa, hanya ce za ta bi ta tsakiyar ɗakin tsohuwarsa.

“Malam, mu tsaya muna kallo?” in ji Yoshuwa.

“Kai ka zauna da turawa, kana jin faransanci,” in ji Sufyanu. “Ka yi mana magana, muna bayanka.”

Sati uku suna bin gida-gida suna karɓar dangwalen yatsa a takardar koke. Yoshuwa, wanda bai taɓa ɗaga murya gaban mutane ba sai a waƙar majami'a, ya zama bakin unguwa.

Ranar taro aka hallara a filin lakkwal, wato makarantar boko, wakilan hukuma suka kafe taswira a jikin allo. Yoshuwa ya miƙe, ya faɗi yadda suka sare wurin, ya tambayi inda talaka zai ɗaure akuya a fili mai faɗin tabarma huɗu. Aka yi ta tafi.

Bai kai ga zama ba sai wata mace ta tashi daga baya, da goyo. Jemima ce, ɗiyarsa ta fari.

“Baba, ku gafarce ni,” ta ce. “Ni da maigidana da yara huɗu, ɗaki guda muke a gidan haya. In ruwa ya sauko, a tsaye nake tuƙa tuwo a bakin ƙofa. Ku kuna neman wurin akuya, mu muna neman wurin shimfiɗa yaro. Mun rubuta sunanmu cikin masu son fili.”

Sannan matasa suka soma “Gaskiya ta faɗa!”, tsofaffi suka hau su da faɗa, taro ya watse ba a tsayar da komai ba. Yoshuwa ya ɗauki sandarsa ya tafi gida.

Wata biyu bai yi wa Jemima magana ba. Ran Lahadi in ta durƙusa gaishe shi, sai ya amsa da ka. Lai'atu ta yi ta faɗa masa cewa yarinyar ba ƙarya ta yi ba. Ya ce ya sani, abin da ke cinsa ke nan.

Takardar dangwale ta ɗan yi amfani: an karkatar da hanya, ɗakin tsohuwar Malam Sufyanu ya tsira. Amma gidajen an yanka su. Aka rushe rumbunan Yoshuwa, awaki ya tura wa ƙanensa ƙauye. Filayen aka raba ta ƙuri'a, masu nema sun ninka filaye sau biyar, kuma sunan Jemima bai fito ba. Inda uwarta ke shanya, wani direba daga Sabon Gida ya samu, har ya sa tubali.

Ran da ya ji sakamakon, Yoshuwa ya daɗe zaune a ƙofar gida. Can ya ce da Lai'atu ta je ta gaya wa Jemima a share ɗakin kaya, su dawo su zauna, ko da a matse ne. Lai'atu ta kai saƙo. Jemima ta yi kuka, ta ce za ta shawarci maigidanta. Yau wata huɗu ke nan, ba ta aiko da amsa ba.