Gidan Tsohuwa a Tsibirin da Ban Taɓa Gani Ba

Shekarun baya, lokacin gashin kaina bai fara guduwa ba, na yi aiki a wani ofishin sayar da tikitin jirgi a unguwar Sharafiyya da ke Jidda. Da zafi ya shigo aka rufe makarantu, rabin Jidda sai ta ce tsibiri za ta. Akwai wani ɗan ƙaramin tsibiri can tsakiyar teku da kowa ya haukace a kansa. Ni kuwa uban iya baki, in zauna in ta zuba wa mutane labarin farin yashi da ruwan da kake hango ƙafarka a ciki, alhali iyakar tafiyata Makka da Madina.

Abokina da muke teburi ɗaya ɗan tsibirin ne. Kullum bayan la'asar, kafin mutane su dawo, sai mu zuba shayi ya hau ba ni labarin gidan mahaifiyarsa: ɗakuna biyar da take saukar da baƙi, bishiyoyin kwakwa, kwale-kwalen masunta suna dawowa ana kiran salla. In lumshe ido, ƙarar na'urar sanyi ta koma mini iskar teku. Wallahi har warin kifin nake ji.

Wata rana ya zo bai taɓa shayinsa ba. Na ce, "Lafiya?"

Ya ce, "Baƙi kullum ƙaruwa suke, amma daga filin jirgi ake kwashe su a jirgin ruwa zuwa manyan otal. Shekara biyu ba wanda ya kwana a gidanmu. Yayyena sun ce in wannan hutun ma ya wuce haka, halas, shi ke nan, za a sayar wa kamfani. A gidan aka haifi tsohuwa, ina za ta?"

Abin ya tsaya mini a rai. Sai ga wata Hajiya daga unguwar Sa'alaba ta shigo da 'ya'yanta mata, tana ta mita. Ita ba ta son otal, ba a barin mutum ya ɗora tukunya, ga mutane tsirara-tsirara a bakin ruwa. Na gyara zama. Na ce akwai gida mai murhu, masallaci na kusa, kuma akwai lungun da mata ke wanka su kaɗai. Na kwashe duk abin da abokina ya taɓa faɗa mini na juye mata.

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Kai yaro, ka taɓa zuwa?"

Kunya ta kama ni. Na ce, "Hajiya, da ƙafa dai ban je ba. Amma kullum bayan la'asar ina can."

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Ja'iri! Yalla, maza yanka mana tikiti. In ƙarya ce, na san ofishinku."

Su tara suka tafi, da kuka da daddawa da garin tuwo a jaka. Sati biyu ban da sukuni. Ranar da ta dawo na hango ta a ƙofa, na miƙe ina shirin ba ta haƙuri. Ashe maƙwabtanta ta kawo, gida uku. Ta ce ita da tsohuwa ba mai jin yaren wani, amma tare suka yi ta girki, kuma da za su rabu sai da suka yi kuka.

Ba a sayar da gidan ba a shekarar, haka ta gaba. Mutanen Sa'alaba da Ruwais suka mai da shi wurin zuwansu.

Har yau ban taka tsibirin ba, kuma abin yana damuna, ba zan ɓoye ba. Daga baya ma kamfanin ya saye gidan. Amma sai bayan abokina ya kira ni wata safiya, ya ce tsohuwa ta cika, a ɗakinta, a kan gadonta, taga a buɗe.

Allah ya jiƙanta.