Jirgin Gwangwani Ya Tafi Droum Neman Danja

Asabar, Zinder

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fito daga gida, katako bisa kai mai faɗin ƙyauren ɗaki. Ƴan fada, kun dame ni da bip a waya tun Litinin, to ga labarin, yatsa ɗaya na bugu, ɗaya hannun na riƙe da shayi.

Wanda bai sani ba ya sani: katakon nan shi ne maket ɗina na gasar lise, makarantarmu ta sakandare, ƙaramin samfurin layin dogo daga Zinder zuwa Takieta. Jirage biyu na gwangwanin sardin, injin tsohuwar rediyo mai kaset, fitilu daga tocila ƴar China. Wanda ya zo na ɗaya yana da burs, wato kuɗin karatu, da gado a enterna, makarantar kwana, ci sau uku a yini. Babana kuwa ya riga ya yanke: bana tiyar hatsi ta fi ƙarfinsa, in ban samu burs ba, sai Kano, tura baro.

Ga inda ta ɓaci. Layina ɗaya ne tal, jirgi daga nan, jirgi daga can, kullum sai sun haɗu tsakiya, gwam! Da farko na sa fitilu ja da kore. Direkte, shugaban lise, ya zo duba, ya tuno babban baƙon da zai zo ran gasa, ya dafe kai: "Ja? Gaban babban baƙo? So kake a ce ƙasa ta tsaya? Duk a mai da su kore!" Aka mayar. Kuma duk lise ɗinmu, har mushe mai koya mana fizik, ba wanda ya taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsa. Mutum ɗaya na sani, Kaka Ibro, ƙanen kakata, da ya yi aikin reluwe a Najeriya kafin ya komo noma a ƙauyensu bayan Droum. Wurinsa na nufa.

A tasha direban bashe, motar kaya mai rumfa, ya auna katakon da ido. "Ɗan lakol, wannan wurin mutum biyu ne."

"Jirgi ne fa, patro."

"To ya kai ka mana."

Sai bakwai da arba'in muka tashi, ni a baya bisa buhun garin rogo, jirgi bisa cinyata.

Bariyer

Takwas da biyar jandarma ya tsai da mu. Ya bar akuya huɗu da ke cikin motar, ya nufo ni.

"Mene ne wannan?"

"Jirgin ƙasa, shef."

"Wace ƙasar? Mu dai tamu ba ta da shi. Kart giriz, takardar mota!"

Ya sa na aza katakon bisa bonen mota, na kunna. Jirage suka taso, fitilu duk kore, gwam! Ya yi dariya har hula ta karkace. "Aksida, ba permin tuƙi, ba asirans. Wuce. Ran da aka gina na gaske ni dai ba ni shiga."

Daga nan ba wanda ya ƙara dariya. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe, mushen shanu gefen hanya, mata da ƙunshi bisa kai sun fuskanci kudu.

Droum

Tara da hamsin muka sauka, kilo talatin da wani abu cikin awa biyu, ku yi lissafin gudun da kanku. Kafin in sami amalanke jama'a sun kewaye ni, sun ɗauka poroje na agaji ne ya zo.

"Yaro, shi zai kawo hatsin?" in ji wata tsohuwa.

Wani ya ce, "Kada dai dogon ya bi ta gonata." Na kusa da shi ya ce, "Ya bi ta tawa, bana ba abin da zai taka."

Na ce musu aikin lakol ne. Tsohuwar ta ce ba komai, a dai rubuta sunanta.

Gidan Kaka

Amalanken jaki, awa ɗaya da rabi, jakin ya fi ni jin yunwa. Kaka Ibro na gindin gawo yana tufka igiya.

"Wa nake gani? Ɗan birni ya zo ƙwace mini mata da sardin, sardin ɗin ma ba kifi!"

"Tsoho, kakar ta ce ka yi mata tsufa."

Aka kawo kwaɗon tafasa da jiƙaƙƙen anza, ɗan itacen nan mai ɗaci na shekarar yunwa, na ci ina murmushin dole. Na kunna masa maket. Gwam! Shi bai yi dariya ba.

"Wa ya ce ka sa kore ko'ina?"

"Direkte."

"To ba reluwe ya sa ka gina ba, rahoto ne. Haka manya suke rubuta ƙauyen nan, komai lafiya. Saurara, miji na biyu. Sigina a ja take kwana, a ja take tashi. Kore roƙonta ake yi. Namu hannun ƙarfe ne, in wayarsa ta tsinke, da nauyinsa yake komawa danja, don ko lalacewa ya yi, tsaya zai ce. Kuma ka dasa ta kafin mararraba, inda direba zai sami filin birki. Kai ka sa taka bayan mararraba kamar fulawar ado."

Na ce to karon fa?

Ya ɗaga sandarsa. "Tsakanin tasha da tasha sanda ɗaya ce. Direban da ba ta hannunsa ba ya motsi, ko ɗan gwamna ne. In ya isa can ya miƙa, sannan na can ya taso. Sanda ɗaya, jirgi ɗaya."

Wallahi ƴan fada, kaina ya yi wal kamar an maido kura bayan an ɗauke wuta.

Lahadi

Da hantsi muka zare ƙusa ɗaya daga tsohuwar ƙofa. Na yanke waya, na huda rami ɗaya a kowace tasha. Inda ka soka ƙusa, wuta ta haɗu, fitilar nan ta koma kore, jirginta ya tashi. Ɗayan na zaune a ja yana jiran rabonsa. Sau goma muka gwada, ba gwam. Biyu na rana na kamo hanya, shida saura kwata ina gida.

Litinin, lise

Babban baƙo ya iso sha ɗaya maimakon tara. Ya tsaya gaban teburina, fitilu jajur, ba abin da ke motsi. Direkte ya fara zufa.

"Me ya tsai da jirgin ci gaba?" in ji baƙon.

Na durƙusa, na miƙa masa ƙusa da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, ba ya tashi sai da izininka."

Ya soka. Kore! Jirgi ya sulale har Takieta. Ya zare, ya soka can, ɗayan ya taso. Sau bakwai ya yi, masu rakiya na tafi duk bakwai ɗin. Ya ce wannan yaro ya fahimci mulki. Direkte ya ce ai tun farko shi ya ba da shawarar ja.

Na ɗaya, ƴan fada! Burs, gado, ci sau uku! Babana ya karanta takardar sau biyu, ya shiga ɗaki, ya fito da rabin buhun gero ya ce a kai wa Kaka.

Alhamdulillahi da ya kai ni ya maido ni lafiya. Na gode wa jakin Droum, na gode wa duk wanda ya ara mini pil, batiran maket. Babbar godiya ga Kaka Ibro, wanda ya aiko cewa geron ya iso, amma a maido masa ƙusarsa, ƙofar ba ta rufuwa.