Na-Sama Ya Sauko

Abokan aiki ne suka laƙaba masa Na-Sama, don shi ke tuƙa dogon injin nan mai ɗaga kaya a wurin gini. Da safe zai hau tsani zuwa ɗan akurkinsa na gilashi, ba ya saukowa sai an tashi.

Ciwon ya fara da jini a bayan gida. Ya yi ta cewa basir ne, ashe ciwon daji ne a ƙarshen hanji, dab da dubura. Aka yanke wurin, ya rayu. Sai dai an haɗa da naman da ke riƙe bayan gida, tun daga nan kuma abin ba ya sallama, sai dai ya ji ɗumi.

Ranar da ya kufce masa yana can sama, ga bulo a rataye, bai gaya wa kowa ba. Ya lallaɓa ya sauko, ya roƙi a mayar da shi gadin ƙofa, kusa da banɗaki. Ya daina cin abincin rana. Matarsa kuwa wanki ba dare ba rana, tana shanya wanduna a ɗaki saboda idon maƙwabta.

"Akwai wani aikin," in ji likita. "Za mu ɗebo tsoka daga cinyarka mu naɗe wurin da ita, sai ka koya mata matsewa."

"Wata wuƙar kuma, likita?"

"Wata kuma. Ban ce za ka koma kamar da ba."

A hanyar gida matar ta ce, "Baban yara, ka yarda. Wallahi hannuwana sun gaji, kai ma ka gaji."

Ya yarda. Ya daɗe kwance, da jakar tara bayan gida manne a cikinsa kafin ɗinki ya warke. Da aka cire ta, wata nas ta tasa shi a gaba: matsa, saki, matsa, saki.

"Da furfurata," ya ce mata, "ake koya mini abin da jikana ya iya."

A hankali tsokar ta fara jin magana. Yanzu yana iya riƙewa har ya kai banɗaki, in ba nisa. Yana shiga motar haya ba fargaba, wankin ma ya ragu. Amma cinyar da aka ɗebi naman ba ta ɗaukar tsani, injin kuma tuni an ba wani.

Har yau yana bakin ƙofa, yana ɗaga wa motocin siminti sandar tare hanya. Da rana yakan ci ɗan abinci kaɗan, ya zauna shiru yana sauraren cikinsa.