Bijimai Huɗu a Kan Fadamarmu

Ni na yi lissafin nan da hannuna, shi ya sa ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Shekarar da babban ɗana ya ci jarrabawar bak ta gama sakandare, ban daɗe da gama yaƙi da jahilci ba a Badaguishiri. Na iya tarawa, na iya ɗebewa, ina ji da kaina. Yaron bai samu tallafin karatu na gwamnati ba, amma wata jami'a a Najeriya ta ba shi gurbin karatun injiniya, fannin injuna, na shekara biyar. Mu kuwa ba mu mallaki komai ba sai fadama ɗaya mai rijiya biyu, wadda maigidana ya gada, inda muke albasa da rani.

"A bar shi ya shiga gareji a Konni," in ji maigida. "Ba a wasa da fadama."

Ban yi masa gardama ba, ba halina ba ne. Na dai tafi Malbaza wurin ƙanwata, wadda take maƙwabtaka da wani injiniya. Na daure na tambayi matarsa abin da yake ɗauka a wata, ta faɗa mini tana dariya. Ranar kasuwa na ratsa ta kara na ji kuɗin shanu. Albashin wata guda daidai yake da bijimi guda, har da ɗan saura.

Akwai wani Alhaji mai fataucin shanu da ya yarda ya karɓi fadamar jingina. Ba ya ba da kuɗi, wai don kada a ce ya ci riba. Bijimai huɗu zai bayar mu sayar, ya riƙa noman fadamar har ranar da muka maido masa huɗu irinsu. Na buɗe littafina na makaranta na rubuta: shanu huɗu, wata huɗu. Na ƙara wata takwas don sutura da aure, na kai wa maigida.

"Shekara guda ce, Malam, bayan ya gama."

Ya daɗe yana kallon takardar da ba ya iya karantawa. "To," ya ce, "ke kika yi karatu."

An ƙulla maganar a zaure gaban shaidu uku: liman, da wan maigida, da dillalin Alhaji. Ina bayan zana ina saurare. Yaron ba ya gari ranar, ni kaɗai ce a gidan nan na iya rubutu, amma mace ba ta shiga zauren maza da alƙalami, sai aka tashi ba a rubuta komai ba.

Abubuwan da ban sa a littafina ba sun fi waɗanda na sa. Ban sa kuɗin albasar da za mu rasa kowace shekara ba. Ban sa yajin aikin malamai da ya mai da shekara biyar bakwai ba. Yana gab da gamawa aka karya darajar kuɗinmu na sefa, fatake suka yi ta kwasar shanu zuwa kudu, kuɗin bijimi ya tashi ya bar albashi a baya. Gwamnati kuma ta daina ɗaukar sababbi, waɗanda ke aikin ma sai su yi watanni ba a biya su ba.

Yaron ya dawo da takardarsa a cikin leda. Ya je Tahoua, ya je Yamai, daga wannan buro zuwa wancan ofishin yana neman aiki, har takalminsa ya cinye. Daga baya ya sayi sifana da ƴan ƙarafa ya fara gyaran injin niƙa daga Illela zuwa Tsarnawa. Abin da yake samu yana ciyar da mu, ba ya wuce nan. Sau ɗaya muka haɗa bijimi guda muka kai.

"Huɗu na bayar tare," in ji Alhaji, ba da faɗa ba. "Tare za su dawo."

Bijimin nan gero muka saya da shi da damina ta yi gardama. Liman ya rasu. Wan maigida ya bi shi, sannan maigida da kansa. Shaida ɗaya ya rage, shi kuma a gidan Alhaji yake cin tuwo. Na fara jin ƴaƴan Alhaji suna cewa "lambun Baba" a bakin rijiya, ba su ma san ina ji ba.

Wani rani injin ban ruwa da Alhaji ya kafa a fadamar ya lalace, aka rasa mai gyara, aka aiko wa ɗana. Da la'asar ya dawo da buhun albasa a bayan keke, ya sauke a tsakar gida.

"Inna, ga ladan injiniya."

"Mi ya lalace?"

"Ƴar roba ce kawai. Babban ɗan Alhaji yana tsaye kaina yana cewa, 'Injiniya, shekara bakwai a kan wagga roba?' Kowa ya yi dariya, ni ma na yi." Ya wanke hannu da toka, bai dube ni ba. "Sun cike tsohuwar rijiyar Baba, sun haƙa sabuwa. Sun dasa mangwaro a gefen gabas."

Duk wanda ya taso a ƙasarmu ya san mai riƙon jingina ba ya dasa itace a gonar da yake shirin mayarwa.

"Ki sake yi mana lissafi, Inna," ya ce. "Wata nawa ya rage?"

Ba gatse yake yi ba, na san muryarsa. Na ɗauko littafin daga ƙasan kwalla, na buɗe shafin. Shanu huɗu, wata huɗu, rubutun yana nan tsaf kamar yadda malamarmu ta koya mini. Na riƙe fensir na jima, ban san lambar da zan fara sawa ba.

Albasar mun shanya ta a kan rufin ɗaki. Mai kyau ce, ja, manya, irin wadda ƙasar nan take bayarwa tun ina amarya. Ta kai mu har faɗuwar ruwa.