Zogalen Mai Jego

Muna yara a Issawane, in an idar da magariba, Kaka Ta-Allah takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta mu kewaye ta. Ba ta dariya in tana tatsuniya. Sai ta gyara wuta tukuna, sannan ta ce mu matso, ga ta nan ta iso.

Akwai wadda ta yi mana ta akuya da zomo. Wai zomo ya rame, ya ga akuya ta yi ɓul-ɓul da cin ganyen tumfafiya, ya roƙe ta ta ɗebo mishi. Ya ci, jiki ya ɗauki ƙaiƙayi, leɓe ya kumbura. Akuya ta ce ya yi haƙuri, ciwo ne ke fita, ta ƙaro mishi. Ya ƙara har numfashi ya gagara. Nan Kaka ta tsayar da tatsuniyar. Muka tambaye ta ko zomo ya tashi. Ta ce, "Ban sani ba. Akuya dai ba mugunta ta yi ba. Da cikinta ta auna nashi."

Na tsufa ban gane ba, sai bara da jikata Hadiza ta haihu, nono ya ƙi zuwa, jariri na ta kuka. Na dafa mata zogale, abin da na ci a jego bakwai. Ta ce tun tana ƙarama yakan sa ta ƙaiƙayi. Na ce shagwaɓa ce, sai da ta ci.

Kafin la'asar wuyanta da hannuwanta sun yi ruɗu-ruɗu, tana susa har jini. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce dattin jego ne ke fita, a ƙara mata. Ni ma haka na sani. Na cika kwano, na ɗebo loma na kai bakinta.

"Kaka," in ji Hadiza, "harshena ya yi mini nauyi."

Na dubi leɓenta. Wallahi zomon nan na gani. Na kife kwanon, na kira mijinta ya tada moto, babur ɗinshi. Na riƙe ta a baya har gidan likita, ina jin numfashinta kamar ana busa kara. Allura biyu aka yi mata kafin ta buɗe ido.

Zogale na nan a tsakar gidana, ina ci. Amma duk ranar da na ɗora tukunya, sai na tuna shekara sittin ina tausayin zomo, ashe ni ce akuyar.